Bidiyo ya yi baƙi a ELAN bayan an sabunta VLC, sauti kaɗai ke fita

Ɗiyar Gashuwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka mini, hankalina a tashe yake. Wata bakwai ke nan ina rubuta tatsuniyoyin harshen Bade da na ɗauka a bidiyo daga bakin wata kakarmu, ina amfani da ELAN, manhajar rubuta maganar da ke cikin bidiyo daidai da lokacinta, a kan Windows 10. Layi huɗu nake yi: maganarta da Badanci, fassarar Hausa, rarraba kalmomi, sai kuma motsin hannunta. Shekaranjiya na kai kwamfutar wani shago a canja mini batir. Da na je karɓa sai yaron shagon ya ce ya ga manhajojina sun tsufa, ya sabunta mini su kyauta, har da VLC, manhajar kallon bidiyo. Na yi masa godiya na taho. Da daddare na buɗe aikina, sai na tarar wurin bidiyon ya yi baƙi ƙirin. Muryar Kaka na fita tas, amma babu hoto. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne idan na buɗe wannan bidiyon a VLC kai tsaye, yana yi lafiya lau. Kaka ta rasu da azumin bana, babu damar sake ɗauka. Shin aikina ya lalace ne?

Baban Yusra:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kaka, ya sa ta huta. Ƙanwata ki kwantar da hankalinki, aikinki na nan. Fayil ɗin ELAN mai ƙarewa da .eaf ba ya ɗauke da bidiyo a cikinsa ko kaɗan. Rubutu ne zalla irin na XML: abin da kika rubuta, da lokacin da kowace jimla ta fara da lokacin da ta ƙare a ma'aunin milisakan, sai adireshin inda bidiyon yake a kwamfuta. Ko da Notepad kika buɗe shi za ki ga kalmominki. Tunda kuma VLC na nuna bidiyon, shi ma lafiyarsa ƙalau. Abin da ya tsinke shi ne igiyar da ke tsakanin su biyun.

Kafin ki taɓa komai, ki kwafe foldar gaba ɗaya zuwa filash ko wani faifai na waje. Bayan nan ki yi mini abu biyu. Ki danna linzamin dama a kan baƙin wurin, ki zaɓi Player Info, ki faɗa mana sunan da ya nuna. Sannan ki shiga View, ki buɗe View Log, ki karanto mana layukan da suka ambaci vlc.

Ƙanin Kowa:
Anti ki sauke K-Lite Codec Pack kawai, duk bidiyon da ya ƙi buɗewa shi ke gyara shi. Ni haka nake yi. In ya ƙi, a yi wa kwamfutar sabon Windows.

Baban Yusra:
A'a ƙanina, dakata tukuna. Ba mu san ciwon ba, ba za mu fara ɗura magani ba. Irin wannan kunshin kodek, wato kayan buɗe nau'o'in bidiyo, yawanci DirectShow, tsohon injin bidiyo na Windows, yake yi wa aiki, kuma ba mu tabbatar ELAN ɗinta ta nan yake bi ba. In ta saka shi yanzu, abubuwa biyu ke nan suka canja a kwamfutar, mu kuma sai mu rasa wanne ya jawo me. Batun sabon Windows ma kada a tayar da shi, aikin wata bakwai ne a ciki.

Ɗiyar Gashuwa:
Amin Yaya, na gode. Na kwafe komai har wuri biyu. A Player Info an rubuta JMMF. A cikin Log kuma akwai wani dogon rubutu, inda na gane shi ne ya nemi wani abu mai suna libvlc bai iya loda shi ba. Daga nan sai ya wuce ya ambaci JMMF ɗin.

Baban Yusra:
Madalla, kin kawo mu bakin zaren. ELAN ba ya kunna bidiyo da kansa, aron inji yake yi. A Windows yana iya aron Media Foundation na Microsoft, wanda yake kira JMMF, ko tsohon DirectShow da yake kira JDS, ko JavaFX, ko kuma VLC. In VLC aka zaɓar masa, ba tagar VLC da kike gani yake buɗewa ba, wani fayil mai suna libvlc.dll yake ɗaukowa ya shigar cikin jikinsa. To a nan akwai ƙa'idar da ba ta da makawa: manhaja mai 64-bit ba ta iya loda irin wannan fayil in na 32-bit ne. VLC mai 32-bit zai yi aikinsa shi kaɗai lafiya a kwamfutarki, shi ya sa kike ganin bidiyon a can, amma ELAN mai 64-bit ba zai iya aronsa ba.

Zato nake yi, ki tabbatar mini. Ki shiga faifan C. In kin ga foldar VideoLAN a cikin Program Files, 64-bit ne. In kuwa a cikin ɗayar take, wadda sunanta ya ƙare da x86, to 32-bit aka saka miki.

Ɗiyar Gashuwa:
Tana cikin mai x86 ɗin! A Downloads ma na ga fayil ɗin da ya kwafo daga filash ɗinsa, sunan ya ƙare da win32.exe.

Amma Yaya akwai abin da ban gane ba. Tunda ELAN ya koma wa JMMF da kansa, me ya hana shi nuna hoton?

Mai Maganar Hannu:
Bari in shigo nan, don wannan rijiyar na taɓa faɗawa cikinta. Ni a kan maganar hannu ta kurame nake aiki a Kano, kin ga kuwa in babu hoto ba ni da komai. Da wace na'ura kika ɗauki bidiyon? In da waya ce, ina kyautata zaton HEVC ne, wani tsarin matse bidiyo da ake kuma kira H.265. Tun daga iOS 11 a 2017 wayoyin iPhone suka koma ɗauka da shi in ba a canja saitin ba, wayoyin Android da dama ma suna da shi, don yana rage girman fayil sosai.

Mutane na ganin .mp4 ko .mov a ƙarshen suna su ɗauka duk abu ɗaya ne. MP4 buhu ne kawai, abin tambaya shi ne hatsin da ke ciki. Wani buhun H.264 ne a ciki, wani H.265. VLC yana tafe da kayan buɗe su duka a jikinsa, ba ya roƙon Windows komai. Shi kuwa Media Foundation da abin da ke cikin Windows ya dogara, kuma Windows 10 da yawa ba sa zuwa da HEVC sai an ƙara shi daga Microsoft Store. Sautin AAC ne, ya san shi, sai ya kunna. Hoton bai san shi ba, sai ya bar miki baƙi. Ki sauke MediaInfo, ƙaramar manhaja ce ta kyauta, ki jefa bidiyon a ciki. Ki duba mana Format a sashen bidiyo, da kuma layin da aka rubuta Frame rate mode.

Ɗiyar Gashuwa:
Anti kamar kina wurin. Da iPhone ɗin ɗan ƙanin babana na ɗauka. MediaInfo ya nuna HEVC, ɗaya layin kuma Variable. Yanzu ma na tuna, ranar da na fara aikin bidiyon bai buɗe ba, wani abokin karatuna ya shiga Preferences ya canja wani abu ya fara yi. Ashe VLC ya zaɓa mini, ni ban sani ba.

Baban Yusra:
To labarin ya haɗu. Ki cire VLC ɗin nan, ki shiga shafin VideoLAN na ainihi, ki ɗauko wanda sunansa ya ƙare da win64.exe. Bai fi megabayit arba'in da 'yan kai ba. Ki rufe ELAN kafin ki saka, sannan ki sake buɗe shi.

Tsohon Malami:
Salamu alaikum. Na karanta daga sama har ƙasa, kuma ina yaba wa Baban Yusra da yadda ya bi abin daki-daki. Sai dai ni darasin da na ɗauka daban ne. Shekaruna da dama ina amfani da ELAN, tun lokacin da QuickTime, injin bidiyo na Apple, ne abin dogaro. A 2016 Apple ya daina kula da QuickTime na Windows. A 2019 kuma macOS Catalina ya zo ya daina karɓar manhajojin 32-bit baki ɗaya, masu ELAN a cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan suka koma kan AVFoundation, sabon injin bidiyo na Apple. Duk lokacin da ƙasa ta motsa haka, ɗalibai ne ke kwana ba barci. Shi ya sa dokata ga duk wanda nake duba aikinsa ita ce: ranar da ka fara rubuta bayananka, ka kulle kwamfutar a yadda take. Kada ka sabunta ELAN, kada ka sabunta VLC, kada ka ba kowa ya taɓa, sai ka miƙa kundinka. 'Yata, ni da za ki bi tawa, ainihin tsohon VLC ɗin da kike da shi za ki nemo. VideoLAN na ajiye tsofaffin fitowarsu a rumbunsu.

Baban Yusra:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Rabin maganar na yarda da ita ɗari bisa ɗari, wato kada a bar wani ya yi wa kwamfutar aiki karambani. Amma a yi mini afuwa, ban goyi bayan a kulle ta shekara biyu ba. Ba sabuntar VLC ce ta jawo wannan ba, nau'in da bai dace ba aka saka. Da yaron ya saka sabon mai 64-bit, da ba ta ma san an taɓa komai ba. Sannan wannan kwamfutar da ita take shiga intanet, da ita take buɗe bidiyon da ake turo mata ta WhatsApp. Yawancin ƙananan sabuntawar VLC toshe ɓarakar tsaro suke yi, irin wadda ake iya shigowa ta cikin gurɓataccen fayil. Wanda ya ƙi sabuntawa don tsoron baƙin allo, yana iya wayar gari an kulle masa fayilolinsa gaba ɗaya.

Tsohon Malami:
Ina jin ka. Amma ka yarda akwai lokacin da lambar fitowar ce da kanta ke kawo cikas. Da VLC ya tashi daga 2 zuwa 3 a farkon 2018, gadar da manhajojin Java irin su ELAN ke bi su isa gare shi, wato vlcj, ita ma sai da aka yi mata sabon zubi. Tsohuwar manhaja da sabon VLC ba lallai su jitu ba.

Baban Yusra:
Wannan gaskiya ne Malam, ban musa ba. Babban tsalle irin daga 2 zuwa 3 a jira shi, a karanta bayanin da ke tare da ELAN a ga wane VLC yake nema. Ƙaramin gyara a cikin gidan 3.0 kuwa a karɓa. Kuma a riƙa ajiye fayil ɗin girkawa na wanda ke aiki a filash, in sabo ya ba da matsala a koma cikin minti biyar.

Tsohon Malami:
A kan ajiye na baya a filash mun haɗu. Sauran kuma kowa ya riƙe nasa, ni dai ɗalibaina sun san dokata.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Damagaram. Ga masu Linux da za su zo karanta wannan daga baya: a wurinmu VLC ne babban abin da ELAN ke dogaro da shi, don haka abin ya fi shafar mu. Na taɓa cire VLC na saka na Snap, wata hanyar girka manhajoji a Ubuntu, da hannuna, ELAN ya daina ganin sa. Dalili shi ne kayan Snap a killace suke a nasu wurin, wata manhaja ba ta samun libvlc a inda ta saba nema. Da na cire shi na saka ta hanyar apt, hanyar girkawa da aka saba, komai ya dawo. Alamar iri ɗaya ce da tata: VLC na yi shi kaɗai, ELAN ba ya yi.

Ɗiyar Gashuwa:
Alhamdu lillahi! Hoto ya dawo. Ga Kaka zaune a kan tabarmarta da farin mayafinta, tana nuna yadda kura ta leƙa cikin rumbu. Sai da na yi hawaye wallahi. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya.

Mai Maganar Hannu:
Barka ƙanwata, na taya ki murna. Amma kada ki tafi tukuna, don kalmar nan Variable da kika karanto ta fi damuna a kan baƙin allon. Baƙin allo kowa na ganin sa ya nemi gyara. Wannan kuwa ɓarnarsa a ɓoye take.

Kyamarar bidiyo ta ainihi tana ɗaukar hotuna a ƙayyadadden adadi, misali 25 a kowace daƙiƙa, kowane hoto ɗaya, wato firem, milisakan 40 cif. Waya ba haka take ba. In haske ya ragu ko ta yi zafi, sai ta rage adadin, in abu ya daidaita ta ƙara. Wurin kallo ba za ki lura ba. Amma ELAN aikinsa tsalle ne: ki danna nan, ki koma baya firem ɗaya, ki maimaita rabin daƙiƙa sau goma. A irin wannan fayil, inda layin ja mai nuna lokaci a ELAN ya tsaya da hoton da ake nuna miki ba kullum suke zama abu ɗaya ba. Ƙari a kan haka, bidiyon da aka matse ba kowane firem ne cikakken hoto ba. Akwai cikakku jefi-jefi, sauran bambanci kawai suke ɗauke da shi, don haka in kika yi tsalle sai injin ya koma cikakken da ke baya ya lissafo zuwa inda kike. A aikina, inda hannu ke canja siffa cikin firem biyu ko uku, na ga alamar da na sa wa iyaka ta zame ta faɗa kan wadda ke biye da ita. Tunda kina da layin motsin hannu, ya shafe ki.

Shawarata ki yi kwafin aiki: H.264, adadin firem tsayayye, da fayil ɗin sauti na WAV daban don ELAN ya nuna zanen sauti. Da HandBrake, manhajar juya bidiyo zuwa wani tsari, za ki iya, ki zaɓi H.264 ki kuma danna Constant Framerate. Asalin bidiyon kuwa ki adana shi yadda yake, kada ki goge, kada ki canja masa suna.

Tsohon Malami:
Nan fa ina da tsoro. Ta riga ta yanka jimloli na wata bakwai a kan tsohon fayil. In aka juya bidiyon lokutan suka goce, wa zai zauna ya gyara dubban iyakoki ɗaya bayan ɗaya? Na ga wanda juyawa ta jefa cikin wannan wahalar.

Baban Yusra:
Tsoron Malam a wurinsa yake, shi ya sa ba za a yi da ka ba, sai an gwada. In aka juya daidai, sautin ba ya miƙewa ba ya taƙaicewa, hotunan ne ake jerawa a kan lokacinsa, a maimaita wani firem ko a zubar da wani don adadin ya daidaita. Tunda yawancin iyakokinta da kunne ta sa su, ya kamata su zauna daram. Ga yadda nake yi da ffmpeg, manhajar juya bidiyo da ake rubuta wa umarni:

ffmpeg -i asali.mov -vf fps=30 -c:v libx264 -crf 18 -g 30 -pix_fmt yuv420p -c:a aac aiki.mp4

ffmpeg -i aiki.mp4 -vn -ac 1 -c:a pcm_s16le aiki.wav

Na sa 30 don wayoyi galibi a kusa da nan suke ɗauka, amma ki duba abin da MediaInfo ya nuna miki. Wannan -g 30 ɗin yana sa a samu cikakken hoto duk daƙiƙa ɗaya. In ba a sa ba, x264, injin da ke matse bidiyon zuwa H.264, na iya barin har firem 250 tsakani, tsalle ya yi nauyi. Ki lura kuma daga sabon bidiyon na ciro WAV, ba daga asalin ba, don su biyun su tashi daga wuri ɗaya.

Gwajin kuma ga shi. Ki yi kwafin .eaf ɗin, a kan kwafin za ki yi wasa. Ki shiga Edit, Linked Files, ki cire tsohon bidiyo ki sa sabo da WAV ɗinsa. Sai ki nemi wuri uku, farko da tsakiya da ƙarshe, inda akwai ƙara mai kaifi da ido ke iya gani, kamar tafi. In gocewar iri ɗaya ce a duka ukun, abu ne mai sauƙi, ELAN na da wurin saita tazarar farawa a Media Synchronization Mode, gyara ɗaya ya wadatar. In kuwa tana ƙaruwa yayin da ake tafiya, to juyawar ba ta yi ba, a sake.

Ƙanin Kowa:
Na koyi abu yau. Yaya, in ta sayi HEVC ɗin a Microsoft Store fa, ba shi ke nan ba?

Baban Yusra:
Zai sa JMMF ya nuna hoton a kwamfutarta, amma bai taɓa matsalar Variable ba. Kuma ranar da ta kai aikin kwamfutar mai duba ta, ko ta tura wa wani rumbun adana harsuna, baƙin allon na iya dawowa a can. H.264 kuwa da wuya ka samu na'urar da ba ta san shi ba.

Ɗiyar Gashuwa:
Na dawo da rahoto, ku yi haƙuri da jinkiri. Wuta ce ta hana, sai jiya da daddare na samu na juya fayil ɗaya mai minti 42, ya ɗauki sama da awa guda. Kaka tana da wata al'ada, duk inda tatsuniya ta kai wurin mamaki sai ta buga tafin hannunta a gwiwa. A zanen sautin yana fitowa kamar tsinke a tsaye. Na samu ɗaya a minti na 2, ɗaya a na 19, ɗaya a na 40. A duka ukun iyakokin jimlolina suna nan inda na sa su, ban ga gocewar da kunnena ko idona zai kama ba. Na mayar da saitin kan JMMF, yanzu in na matsa firem ɗaya hoton na motsawa nan take, da kuwa sai ya ɗan yi jinkiri.

Sai dai maganar Anti ta tabbata a layin motsin hannu. Na duba guda ashirin, na samu shida da suka fara kafin hannun ya ɗaga ko bayan ya riga ya sauka, da firem uku zuwa huɗu. A wurin da take nuna girman rumbun, na sa alamar tun tana gyara mayafi. Wannan layin zan sake bin sa gaba ɗaya.

Mai Maganar Hannu:
Gara da kika gani yanzu, kafin ki gina nazari a kansa. In za ki sake ɗaukar wani da iPhone, ki shiga saitin Camera, Formats, ki zaɓi Most Compatible, zai ba ki H.264 tun daga tushe. Adadin firem ɗin dai zai iya ci gaba da rawa, don haka har yanzu sai an yi juyawar. Kuma ki riƙa yin tafi ɗaya a gaban kyamara a farko da ƙarshen kowace ɗauka.

Tsohon Malami:
To na sauko a kan batun juyawa, tunda an gwada an gani. 'Yata, ki buɗe ƙaramin fayil a cikin foldar ki rubuta lambar ELAN da kike amfani da shi, da lambar VLC, da umarnin da aka juya bidiyon da shi, da ranar da aka yi. Ki kuma kunna Automatic Backup a ƙarƙashin File. Bidiyon nawa suka rage miki?

Ɗiyar Gashuwa:
Goma sha ɗaya Baba. Zan riƙa juya ɗaya duk daren da aka kawo wuta, in gwada shi a wuri uku kafin in wuce na gaba. Yaya Baban Yusra, biyu daga ciki a tsaye aka riƙe wayar, shin umarnin nan zai bar su a tsaye ko zai kwantar da su?

Baban Yusra:
Zai bar su a tsaye. Waya tana rubuta alamar juyi a cikin fayil ɗin, ffmpeg kuma yana karanta ta ya miƙar da hoton da kansa yayin juyawa. Ki fara da ɗaya daga cikin biyun, in ya fito a kwance ki turo mini abin da MediaInfo ya rubuta a layin Rotation.